Kwat Ɗin Bala Sitaci

Sharafiyya, Jidda

Zuwa ga ɗana kuma autana, Mazin.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Ina roƙon Allah Ya ɗaga ka lafiya Ya sauke ka lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙasar da ba ka da kowa. Allah Ya sa karatun da za ka nema ya amfane ka, ya amfane mu. Amin.

Za ka yi mamaki, muna gida ɗaya, bango kawai ya raba ɗakina da naka, amma ga ni ina rubuto maka wasiƙa kamar kana Kano. Laifinka ne. Duk lokacin da na buɗe baki zan yi maka doguwar magana, kafin in kai tsakiya sai ka ce, "Halas ya Baba, na gane," ka mayar da kai kan waya. Takarda dai ba a ce mata halas, wato ya isa haka. Kuma da gangan na rubuta da Hausa, ko da yake na san sai ka yi ta tsayawa kana haɗa baƙaƙe. Da Hausa mahaifiyarka take yi maka faɗa, da ita take lallashinka, to da ita zan sallame ka. Inda ka maƙale, yayarka Hindatu ta warware maka.

A kan kwat ɗin nan ne. Jiya da na ɗauko shi na miƙa maka, ko hannu ba ka zura ba. Ka ɗaga shi da yatsa biyu ka ce, "Ya Baba, wannan ai na tsofaffi ne, ga nauyi. In na isa Manchesta zan sayi jaket, ma fi mushkila, ba matsala." Ka rataye shi a bayan kujerar falo, yana nan har yanzu. Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba zafin ne ya sa na ɗauki biro ba, ƙirjinka ne. Tun kana goye asma take bin ka. A nan ma, in iska ta ɗan juya, sai mun ji kana numfashi kamar ana busa sarewa. Yanzu ga shi za ka ƙasar da sanyi da ruwa ba sa rabuwa, kuma wadda ta saba kula da abin da za ka sa ba ta duniya. Saura ni, ni kuwa abin da na sani a kan sanyi duk da kuskure na koye shi. Bari in ba ka labarin, ka ɗauki abin ɗauka.

Kai ka taso ka same ni da furfura da tumbi, don haka ba ka san wane ne ubanka ba. Ka tare duk wani dattijo da ya zauna a tsohuwar unguwarmu Karantina ka ce masa Bala direba, zai yi ta lalube. Ka ce Bala Sitaci, sai ya yi dariya kafin ya amsa. Farar jallabiyata, don sitaci da guga, in na tuɓe ta tana iya tsayawa da kanta. Ba na zama a benci sai na shimfiɗa hankici. In zan ratsa lungunmu, inda ruwan wanke-wanke yake kwance rani da damina, da yatsa biyu nake ɗage gefen riga, masu tuyar ƙosai suna tsokanata, "A ba ango hanya." Ko a jikina. Ina wucewa ƙanshin turarena na danne hayaƙin masu tsire, ni kuwa a ganina ba a yi ɗan gayu kamata ba daga Karantina har bakin teku. Ka ga ke nan ba wanda zai koya mini son a gan ni fes. Na san abin da kake gudu a kwat ɗin nan, domin na guje shi kafin a haife ka.

A lokacin Hindatu tana rarrafe. Ina tuƙa wani dattijo ɗan kasuwa a unguwar Ammariyya, Ammu Salihu, shi ne kafilina, mai tsaya mini a kan takardun zama. Ciwo ya kama shi, aka ce sai an kai shi Landan, shi kuwa ya kafe ba wanda zai riƙe masa hannu sai Bala. Da na ji, ban yi tunanin komai ba sai kayan da zan sa Turawa su kalla. Na jera fararen jallabiyoyi, da shadda ta Juma'a, da takalman fata masu buɗaɗɗen baki. Mahaifiyarka, Allah Ya jiƙanta, ka san tela ce, kekenta na ƙofar ɗaki. Sai ta shiga kasuwar Balad ta samo wani yadi mai laushi mai kauri, ruwan toka, ta ɗinka mini rigunan ciki masu dogon hannu da dogayen wanduna. Ta ninke ta ɗora a kan akwatina.

Na ce, "Zulai, wannan zan sa a ƙarƙashin jallabiya? In kumbura kamar buhun shinkafa?"

Ta ce, "Ka kumbura ɗin. Gara ka kumbura ka dawo mini da ƙafarka."

Na nuna kamar na yarda. Da ta fita ɗauko Hindatu, na zare su da yatsa biyu na cusa a ƙarƙashin katifa, na rufe akwati. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma duk sauran daga shi suka fito. Abin da ya fi muhimmanci a kayan sanyi shi ne wanda ba wanda zai gani. Ka nemi rigunan ciki masu kama jiki, masu dogon hannu, na ulu marar kauri ko irin yadin da ba ya riƙe gumi. Singiletin audugar da muke sawa a nan ka bar ta a nan. Auduga abokiyar zafi ce. In ta jiƙe ba ta bushewa, sai ta kwanta a ƙirjinka da sanyinta ta wuni.

Ka san halinmu mu mutanen Jidda da ruwan sama. Shekara guda muna jiransa, ran da ya zo kowa ya fito. Ka tuna yadda kuke gudu a lungu ku da yaran maƙwabta, mata suna leƙe daga soro, tsofaffi suna ɗaga hannu suna addu'a, kafin titi ya cika mu koma kwashe tabarmi? To, da wannan halin na sauka. Washegari da safe na leƙa taga na ga ana yayyafi, sai murna ta kama ni. Na fito ƙofar gidan da muka kama haya, ba hula, cikin jallabiyar da ta fi kowace shan sitaci, na buɗe tafin hannu ina addu'a. Mutane na wucewa da sauri suna satar kallona, na ɗauka gayun ne ya burge su.

Ammu Salihu ya buga gilashin taga da sandarsa ya ce, "Ya Bala, yalla shigo. Wannan ba ruwan Jidda ba ne, ba zai tafi ba."

Kafin in shigo sitacin ya narke. Rigar ta manne mini, tana yauƙi kamar an zuba mini koko, ana ganin singileti da komai. Haƙorana suna haɗuwa. Tsohon yana kwance da ciwonsa amma sai da ya yi dariya har da tari. Kuma gaskiyarsa, ruwan bai tafi ba. A nan ruwa baƙo ne, a can shi ne mai gida, da safe yana nan, da yamma yana nan, ba ƙarfi gare shi ba sai naci. Don haka abin da za ka sa daga waje dole ya zama wanda ruwa ke zamewa a kansa. Ka sayi jaket ɗin da ka ce, ban hana ka ba, amma ka duba tana da hular da ke haɗe, kuma ta sauko ta rufe maka ƙugu. Kada ka sayi irin guntuwar nan ta 'yan ƙwallo da kake so. Fararen kaya kuwa ka ajiye su sai ranar Idi.

Lema ma na saya, babba, baƙa, mai mariƙin katako, domin na ga ta dace da tafiyata. Iska ta juye ta a bakin wata gada, ta bar ni riƙe da ƙarafa. Ka sayi ƙarama mai shiga jaka, amma kada ka dogara da ita.

Sai ƙafa. Wallahi Mazin, ban san mutum na iya jin sanyi a cikin ƙashin yatsa ba sai a can. Da takalmin fata mai buɗaɗɗen baki nake raka tsoho asibiti, ruwa na shiga ta gaba yana fita ta baya. Da abin ya ishe ni na sa safa a ciki, ka ga ɗan gayun Karantina da safa jiƙaƙƙiya cikin takalmin Larabawa, yana tafe yana ƙara kamar kwaɗo. Daga baya na sayi sau-ciki mai sheƙi, ƙasansa sumul, don kyau kawai. Shi ya kayar da ni a matakalar tashar jirgin ƙasa, a gaban jama'a. Kai ka nemi takalmi mai rufe idon sawu, na fata mai kauri, ƙasansa roba mai gurzi-gurzi. Ka riƙa shafa masa mai, man ne ke hana ruwa shiga. Ka sami biyu, in ɗaya ya jiƙe ka cusa masa takarda ya huta, kada ka ɗora shi a kan hita domin fatar tsagewa take yi. Fararen takalman gudun nan naka da kake gogewa da buroshin haƙori, ka tafi da su in kana so, amma ka yi musu bankwana tun daga nan. Safa kuwa ta ulu, da yawa, kuma kullum ka ajiye busasshiya a jaka. Ga alwala, ka san ƙafa mai danshi cikin safa mai danshi ba abin da take jawowa sai mura.

Da sanyi ya gama cin mutuncina, sai na yi abin da duk ɗan ƙasar zafi yake yi. Na shiga kanti na nuna rigar da ta fi kowace girma, wata ƙatuwa mai kumburi kamar katifa, na ɗora a kan jallabiya. Mu a nan sanyin da muka sani na na'ura ne, ka ja bargo ɗaya ka gama da shi, sai na ɗauka can ma haka ne. Ashe cikin gidajensu da motocinsu da asibitinsu akwai ɗumi. In na shiga sai gumi ya keto mini, ba damar tuɓewa domin ba komai a ciki sai jallabiya. In na fito iska ta bugi gumin. Ban daɗe ina haka ba na kwanta. Zazzaɓi da tari suka rufe ni, wanda aka kawo jinya ya koma yana miƙo wa ɗan jinyarsa shayi. Ni da ƙirjina lafiya lau ke nan, sai da na sha da ƙyar. Ina kwance ba abin da nake tunawa sai rigunan nan masu ruwan toka da ke ƙarƙashin katifa a Karantina. Ka auna da naka ƙirjin.

Wanda ya cece ni wani Bahaushen Sudan ne, Malam Tijjani, da na haɗu da shi a masallaci bayan na ɗan farfaɗo. Ya ji na yi atishawa na ce "wash" da Hausa, ya juyo. Ya daɗe a ƙasar, yana tuƙin tasi. Ya dube ni sama da ƙasa cikin katifata ya ce, "Ya zol, bawan Allah, wa ya yi maka wannan mugunta?" Na ce ni na yi wa kaina. Shi ya nuna mini yadda ake yi, ya ɗaga gefen rigarsa ina gani: ta ciki mai kama jiki, sai riga mai maɓalli, sai suwaita ta ulu, sannan kwat. Ya ce in ka shiga ɗumi ka rage, in ka fito ka ƙara. Sirara uku sun fi ƙatuwa ɗaya ɗumi, kuma mutum yana nan da siffarsa ta mutum. Wannan na ƙarshen shi ya fi shiga kunnena.

Suwaita biyu ko uku sun ishe ka, in masu kyau ne. Amma ka ji abin da na yi wa tawa ta farko. Ruwan ƙasa ce, mai laushi, ina ji da ita. Da ta yi datti na tafasa ruwa na jiƙa ta, na cuɗe ta da ƙarfi yadda muke wa jallabiya, na murɗe, na rataye. Har na yi niyyar ɗan sa mata sitaci, Allah Ya rufa asiri ban samu ba. Da ta bushe, ko Hindatu sai an ja kafin ta shige ta. Ulu ba ya son ruwan zafi, ba ya son murɗa, ba ya son rataya. Ruwan sanyi, ka matse a hankali, ka shimfiɗa a kan tawul. Kuma ba kullum ake wanke shi ba, shan iska ya fi yi masa amfani.

Maganar shanya ta tuna mini da abin da har yau in na tuna sai na rufe fuska. A Karantina mahaifiyarka za ta shanya wanki a soro, kafin ta gama shara ya bushe ƙamas. A can kaya sai su kwana su wuni a cikin ɗaki suna danshi, su ɗauki wani wari kamar na tsohuwar rijiya. Ni Bala Sitaci in shiga masallacin Juma'a da wannan wari? Ina da turaren wuta da na zo da shi, har da ɗan kasko. Ranar wata Juma'a da hantsi na kunna gawayi a kan murhu, na zuba turare, na kifa kujera a kai maimakon kabbasar da ake turara kaya a kanta, na lulluɓa shaddata. Hayaƙi ya tashi, ɗaki ya koma gida, har na lumshe ido ina jin kamar muryar masu ƙosai. Sai wata ƙara ta ɓarke a saman kaina. Ashe akwai na'urar jin hayaƙi. Gidan kaf aka fito, tsofaffi da masu jarirai, aka tsaya a titi cikin ruwa, ga motar kashe gobara. Na fito da kasko a hannu na yi tsuru-tsuru. Ammu Salihu yana lulluɓe da bargo yana cewa, "Allah Ya shirye ka ya Bala, Allah Ya shirye ka." Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce kawai ta matso ta shinshina hannun rigata ta gyaɗa kai.

Na ga Hindatu ta sa maka kwalbar turaren mahaifiyarku a akwati. Ka tafi da ita, amma kada ka kunna a ɗakin makaranta. Ka buɗe ta ka ajiye a cikin kabad tsakanin kaya, ƙanshin zai kama su a hankali. Kuma kada ka taɓa ninke tufa da sauran danshi, ko ka sa ta a jikinka don sauri.

Yanzu maganar gayu, tunda shi ne damuwarka. Kada sanyi ya sa ka koma baƙi daga sama har ƙasa kamar kana zaman makoki. Na ga yaranmu da yawa a can haka, sun dunƙule cikin baƙaƙen kaya, kai a ƙasa, ba sa son a san da su. Ka sa manyan kaya su zama masu duhu, shuɗi mai duhu ko ruwan toka ko ruwan ƙasa, domin suna ɓoye tabon ruwa kuma kowanne na shiga da kowanne. Sannan ka bar wuri ɗaya ya yi magana. Ni jan shimag ɗina, ƙyallen nan da Larabawa ke yafawa a ka, na naɗa a wuya, ya tare mini iska, kuma duk Balaraben da ya hango ni sai ya yi sallama. Kai ka nemi na ulu mai launi mai kyau, ja mai duhu ko ruwan zuma, fatarmu tana ɗaukarsu. Wuya da ƙirji kada ka bar su a buɗe ko da rana ta fito, ranar can yaudara ce. Ka sami hular ulu mai rufe kunne da safar hannu ta fata. Wandon jins yana da kyau amma in ya jiƙe ya zama azaba, ka haɗa da na ulu ko biyu. Ranar Juma'a ka sa jallabiyarka da hular kakanka, rigar ɗumi a ciki, kwat a sama. Na yi haka, kuma ban taɓa yin kyau irin na ranakun nan ba. Abu kaɗan mai kyau wanda ya zauna a kafaɗarka ya fi akwati cike da tarkace. Kuma ka goge takalmi, don Allah, ko da ruwa zai ɓata shi kafin ka kai bakin titi.

To, kwat ɗin. Malam Tijjani ne ya kai ni inda na saye shi. Ulu ne tsantsa, shuɗi mai duhu, ya sauko har gwiwa, kwalarsa in ka ɗaga ta rufe wuya. Yayyafi ba ya ratsa shi, sai dai ya tsaya a kansa ka kakkaɓe. Ran da na fara sa shi na tsaya a gaban gilashin wani kanti na ce, yawwa, Bala ya dawo. Tun daga ranar ban ƙara tari ba har Ammu Salihu ya samu sauƙi muka taho gida.

Da na dawo, mahaifiyarka ba ta yi mini maganar rigunan ciki ba. Na ɗaga katifa a ɓoye na ga ba sa nan, ban tambaye ta ba. Kwat kuwa ta karɓe shi ta rataye, ta sa masa kafur a aljihu. A Jidda ina za a sa shi? Amma duk shekara, in iska ta ɗan yi sanyi, sai ta hau da shi soro ta shanya, ta goge shi da buroshi. Maƙwabta suna tsokanarta, "Zulai, yaushe za a yi ƙanƙara a Karantina?" Ita dai sai murmushi. Kai ma ka taɓa shiga cikinsa kana ƙarami, kana jan shi a ƙasa kana cewa kai ne ɗan sanda, ta bi ka da tsintsiya. Ban sani ba ko ka tuna.

Ka dai tuna lokacin da aka zo rushe unguwa. Jan fenti a bangon kowa, motoci sun cika lungu, kowa na zaɓen abin da zai ɗauka domin gidajen da za mu koma ƙanana ne. Mun bar gadon ƙarfe, mun bar randar kakarka, mun bar soron da aka yi sunanka. Na ga ta fito da kwat a hannu cikin wannan rana, na ce, "Zulai, halas, bar shi. Wa zai sa wannan?"

Ta ce, "Akwai mai shi."

Na ɗauka ni take nufi, har na ji daɗi. Ta riƙe shi a cinya har Sharafiyya.

A nan gidan ka fara maganar karatu a waje, ka tuna yadda na tashi tsaye na ce ba da ƙirjin nan ba. Na yi ta faɗa, kai kana faɗa, ita tana zaune a kan kekenta tana jinmu. A lokacin ciwon ya riga ya fara cinta, ɗinkin mutane ma ta daina karɓa. Amma wani lokaci in na dawo da rana sai in ji ƙarar keke, in na shigo ta rufe da zane ta ce gyaran labule take yi. Ban bincika ba. Bayan ta rasu ban ƙara buɗe wannan gefen kabad ɗin ba, ba na iyawa.

Sai makon jiya, da takardunka suka fito, na ce bari in ɗauko shi in kai wa tela ya rage maka. Kafin in fita, tsohon hali ya motsa, na ce bari in sa shi sau ɗaya in ga Balan da. Na zura hannu, sai yatsuna suka ɓace a ciki. Na ja maɓalli, bai kai ba. Na ce tumbi ne, amma hannu fa? Hannun mutum ba ya gajarta. Na zauna na juya bakin hannun, sai na ga an warware shi an sake shi, an ƙara tsawo, da ɗinkin nan nata ƙanana masu jeri da zan gane ko cikin dubu. Kai ne mai dogon hannu irin na kawunnanka. An matsar da maɓallai ciki, daidai siririn jikinka. Na buɗe cikinsa. Daga kafaɗa zuwa ƙasan ƙirji, gaba da baya, ta shimfiɗa masa wani yadi mai laushi, ruwan toka. Rigunan cikina ne, Mazin, waɗanda na cusa a ƙarƙashin katifa. Shekara talatin da wani abu tana ajiye da su. A gefen hagu kuma ta yi wani ɗan aljihu siriri wanda a da babu shi. Na rasa na mene ne, sai da na hango abin shaƙarka na asma a kan tebur, na ɗauko na zura. Ya zauna cif.

Ina ta faɗa ba za ka tafi ba, ita tana shirya ka. Na zauna a bakin gado na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar jana'izarta.

Jiya na so in faɗa maka duk wannan. Na so ka zura hannu kawai ka gani da kanka. Da ka ce na tsofaffi ne, sai na kasa, shi ya sa ka ga na tashi na shiga ɗaki. Ban ga laifinka ba, ɗan Bala Sitaci ne kai, da yatsa biyu ni ma na ɗaga rigunan da ta ɗinka mini. Amma ni na sami wadda ta jira ni na dawo, ta rufa mini asiri ba ta taɓa goranta mini ba. Kai wannan shi ne ɗinkinta na ƙarshe, ba wani a bayansa.

Ba zan tilasta maka ba. Ka je falo ka gwada shi a gaban madubi. In bai yi maka ba, ka mayar da shi bayan kujera, ba zan ƙara magana ba. In ya yi, kada ka sa shi a akwati, ka riƙe shi a hannu yadda ta riƙo shi daga Karantina, domin kana sauka za ka buƙace shi.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kiyaye ƙirjinka, Ya raba ka da sharrin sanyi da sharrin mutum. Ka riƙe salla, ka riƙa kiran yayarka, ka sa mahaifiyarka a addu'a duk lokacin da ka ɓalla maɓallan nan. Allah Ya dawo mana da kai da ƙafarka. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinka,
Bala